Gobe Zan Tsaya Gaban Labule

Laraba da dare, farkon Yuni

Na kasa cin abinci. Ɗazu ina ɗinkin kayan 'yan wasa, shugabar ƙaramin gidan wasanmu ta shigo. Wai gobe, kafin a buɗe wasannin da muke yi bi da bi kowace bazara, ni zan fito in ba da labarin yadda aka faro. Cikin waɗanda suka ga shekarar farko, lokacin da muke aron kujerun coci, ni kaɗai na rage.

Da Turanci kuma zan yi jawabin, ni da Turanci ke sarƙe mini in na tsorata! Na kira Anti Rifkatu, ta ce, "Ladi, in kin ƙi, wa zai ambaci waɗanda suka rasu?"

Na ce zan yi.