Ƙarfen da Kunka Zare Daga Katafilar Bakin Tafki

Zuwa ga Alhaji, shugaban kamfanin da ke cewa shi ke da tsohuwar katafilar da ke bakin tafkin ƙauyenmu, a ƙasar Turba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar girmamawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da ma'aikatanka.

Ranka ya daɗe, sunana Rabi, ɗinkin kayan mata nake yi a cikin gida. Ba a san mace da kama sunan mijinta ba, amma tunda mutanenka sun kai sunansa ƙara, ni ma za ni faɗe shi: Iro bakanike, wanda ke tsare a garin Isa yanzu, maigidana ne. Dattawanmu sun je wurinka, anka ce ba ka nan. Shi ya sa na fito fili, kowa ya ji.

Na farko, zancen mallaka. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, shi ya kawo katafilar nan aikin hanya tun ina yarinya. Ta lalace, anka kwashe sauran kaya anka bar ta. Na girma, na yi aure, na haihu, tana nan. Awaki ke kwana ƙarƙashinta, ƙaya ta tsiro cikin sarƙarta, kuma ba mu taɓa ganin wani daga wurinku ya zo ko leƙa ta ba. Duk da haka ba mu ce tamu ce ba, yau ma ba mu ce ba.

Na biyu, halin da muke ciki. Bara gero ya bushe a tsaye bai fidda kai ba, bana ma haka. Tafkin da mu da Fulani makiyaya muke sha ya cike da rairayi, ɗan ruwan da ya sauka bai kwana cikinsa ba. Ɗiyata Safiya, da tsohon ciki, take bin jaki zuwa rijiya mai nisa, ta fita da sanyin safiya ta dawo rana tsaka. Saniyarmu guda ta durƙushe a hanyar ruwa, anka yanka ta nan inda ta faɗi. Mutanen gari sunka zauna sunka ga in ba a yashe tafkin kafin damina ba, to baɗi sai ƙaura. Da kwando da shebur ba zai yiwu ba. Nan ne maigidana ya ce a bari ya duba katafilar, mai gari kuma ya amince a gaban jama'a.

Na uku, aikin da kuke kira ɓarna. Ni ba bakanikiya ba ce, amma a tsakar gidana anka yi shi, na gani. Katafilar ba ta da makulli. Akwai ɗan injin fetur a gefenta, shi ake fara tayarwa da igiya. Sannan a ja wani hannu, ya tura wani ɗan ƙarfe mai haƙora ya shiga cikin haƙoran babban inji ya juya shi. Ƙugiyoyi biyu ke riƙe ƙarfen har babban injin ya kama, sannan su buɗe ya koma wurinsa. Wannan ɗan ƙarfen ne ya kashe ta tun zamanin mahaifinka. Haƙoransa sun cinye, ƙugiya guda ta karye, sifirin, wato murɗaɗɗiyar wayar da ke danne ƙugiyoyin, ya zama tsatsa.

Maigidana ya kai shi Isa anka cika haƙoran da walda, ya dawo ya zauna gindin darbejiya yana goga su da zarto ɗaya bayan ɗaya, har tafin hannunsa ya sale. Malam Garba maƙeri ya ƙera sabuwar ƙugiya. Sifirin ne ya gagara, anka nema har Sabon Birni ba a samu daidai ba. Wata rana na ga yana ta kallon keken ɗinkina. Na ce masa, “Cire sifirinsa, Malam. Wa ke ɗinka sabon zane cikin wagga yunwa?” Tun ranar ban sake ɗinki ba.

Gwajin farko ƙarfen ya fice tun babban injin bai kama ba. A na biyu ya maƙale, ya kusa tafiya da yatsun maigidana. Ya kwance, ya sake gyara ƙugiyoyin, ya mayar. Ranar da ta tashi, ina cikin gida na ji ƙasa na rawa. Na fito ba mayafi, abin da ban taɓa yi ba. Baƙin hayaƙi ya tashi, mata na guɗa, Ardon Fulani na kuka kamar ba dattijo ba. Ta ture rairayi har munka fara ganin ƙasa mai danshi.

Na huɗu. Sai da labari ya kai gare ku cewa ta tashi, sannan kunka tuna kuna da katafila. Mutanenka sunka zo da babbar mota za su ɗauke ta, motar ta kafe cikin rairayi tun ba ta iso ba. Da sunka ga haka, sunka buɗe gefen injin sunka zare ɗan ƙarfen nan, sunka jefa shi cikin buhu. Babbansu ya ce gaban kowa wai kayan kamfani ne. Ranka ya daɗe, me ke na kamfani a jikinsa? Waldar ko ƙugiyar Malam Garba, ko sifirin kekena? Washegari anka zo anka tafi da maigidana, wai ya taɓa dukiyar da ba tasa ba. Yana fita ya waiwayo ya ce mini in rufe bakin injin da tsumma kada ƙura ta shiga. Na rufe.

Ga abin da nake nema, ba kuma roƙo nake yi ba. Ka janye ƙararka, a sako mini maigida. Ka maido ƙarfen da kunka zare. Ka bari a ƙare yashe tafkin kafin hadari ya fara haɗuwa. Bayan nan ka turo a ɗauki katafilarka, mu da kanmu za mu share muku hanya, kuma za ku same ta tana tashi.

In ka ƙi, to ka sani tun yanzu. Matan gari sun kwashe turamensu sun koma gindinta, can muke daka, can muke wuni, ni ce ke zaune kan sarƙarta. Matan Fulani na karɓarmu in mun tashi salla. Ba mu riƙe sanda ba, ba mu zagi kowa ba. Amma duk wanda ka aiko, sai ya fara ɗaga mu ɗaya bayan ɗaya da hannunsa. In ɗaki ya rage inda anka tsare maigidana, a kai ni, za ni tafi da ƙafata.

Allah ya ƙara maka arziki na halal, ya jiƙan mahaifinka, ya sa ka gama da duniya lafiya. Allah kada ya nuna wa ɗiyanka ranar da za su matse tsumma su sha.

Wassalam.

Rabi, matar bakanike,
daga bakin tafki, ƙasar Turba.