Inna, Yanzu Ni Ke Tsayawa a Ƙofar Zaure

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda kika koya mini, gwiwa a ƙasa, ina roƙon Allah ya yalwata miki kabarinki, ya haskaka shi. Mu nan Tambuwal lafiya lau. An shiga girbi, geron bana ya yi kyau, gonar Jabo ma ba laifi. Na san ba karanta wannan za ki yi ba, ko da kina raye ma sai dai in karanta miki kina gyara mini Hausa. Masu bina a shafin nan su za su gani, to su yi haƙuri, yau ba da su nake ba.

Inna, tsoro nake ji, kuma na rasa wanda zan gaya wa bai ce mini in yi tawakkali ba. Na san tawakkali. Ina yi. Amma tsoron bai tafi ba.

Nasiru ne, autana, ɗa namiji ɗaya da Allah ya bar mini. Angon nan naki da kike cewa ba ki son shi don ba ya kawo cefane. Ya gama makarantar koyon aikin lafiya, gwamnati ta ɗauke shi, aka tura shi wani ƙaramin asibiti a ƙauye, can gaba da Kebbe, bakin daji. Dajin da kika sani na kanya da ɗinya da garken shanu ba shi ne yanzu ba. Ana tare hanya da rana tsaka, ana shiga daji da mutane. Wanda ke riƙe da asibitin kafin shi ya kwashe iyalinsa ya dawo gari, shi ya sa wurin ya zama babu kowa.

Ba sai na tuna miki al'adar gidanmu ba, amma bari in faɗa don masu saurare. Duk ɗan gidan da zai tafi wurin aikinsa na farko, ba ya fita sai babbar macen gida ta tsaya a ƙofar zaure ta cikin gida, shi ya durƙusa, ta jero masa iyayensa, kowa da aikin da ya yi wa jama'a da garin da aka binne shi. Ke 'yar gidan ce kuma matar gidan, kamar yadda ni ma aka yi mini auren zumunci, don haka ke kika gaji tsayuwar. Har yau ina jin muryarki:

"Kai jinin Modibbo Hammadi na, alƙali, shina kwance Jabo. Kai jinin Malam Buhari na, magatakarda, shina kwance Kebbe. Kai jinin Usmanu na, malamin gona, shina kwance Dogon Daji. Ba wanda anka aika yaƙ ƙiya. Tahi, Allah shi kiyaye."

Na taƙaita ne, ke kam har baffanni kike sakawa, malamin daji da malamin tsafta da wanda ya yi aikin gidan waya. Muna yara abin yana burge mu. Mu haddace, mu je makaranta muna yi wa 'yan aji burga. Ko sau ɗaya ban taɓa tsayawa na lura ba cewa duk jerin nan babu wanda yake kwance a Tambuwal. Inda ajali ya sami mutum nan ake sallatarsa a rufe shi kafin rana ta faɗi, su kuma kullum ajalin a wurin aiki yake samunsu.

Kin sha ba mu labarin Baturen mulkin nan, Di'o na zamanin En'e, wanda mutanen gari suka laƙaba wa Mai Jan Wuya. Kika ce ya zo rangadi, ya zauna da kakanmu Malam Buhari a rumfar hakimi, hira ta kai su ga asali. Baturen ya ce shi ma ɗan sarauta ne a ƙasarsu, sai dai ƙane ne. A al'adarsu babban ɗa ke gaje sarauta da gida da gonaki gaba ɗaya, ƙannen kuwa kowa ya kama gabansa, wani soja, wani limamin coci, wani a turo shi mulki ƙasa mai zafi irin tamu. Suka shiga ƙirga kakanni. Baturen ya jero nasa, Malam Buhari ya jero nasa har ya wuce shi. A nan kike tsayawa ki gyara kallabi ki ce, "Da ganin wuyanshi ka san rana ba ta san shi ba, amma dai ɗan gida na, ya san kakanninshi." Mu yi ta dariya.

To, Inna, jikarki Asma'u tana karatu a ƙasar su Mai Jan Wuya yanzu. Kwanakin baya, takardar aikin Nasiru ba ta daɗe da fitowa ba, aka kai su yawon buɗe ido wani tsohon gidan sarauta na can. Ta kira ni ta waya irin wadda ake ganin juna, tana hawa bene tana nuna mini bango. Hotuna ne manya-manya na zane, an jera su tun daga ƙasa, uba sai ɗa sai jika. Ƙarƙashin kowane an rubuta sunansa da abin da ya yi wa ƙasarsa. Tana karantawa tana fassara mini: wannan alƙali ne, wannan hafsan sojan ruwa, wannan jakada, wannan ya yi gwamna a wata ƙasa mai nisa, wannan ya tsufa a majalisar dattawansu. Duk hancinsu iri ɗaya, dogo, har na ce mata ko su ma auren gida suke yi. Ta yi dariya ta ce wallahi kamar gidanmu, bambancin kawai su a bango suke rataye nasu, mu Inna ce bangonmu.

Ta kai ƙarshen benen. Hoto na ƙarshe wani yaro ne cikin kakin soja, ko gashin baki bai gama fito masa ba. Mai yi musu bayani ta ce shi kaɗai ne ɗa namiji, yaƙi ya tashi, ya tafi don babu namijin gidan da ya taɓa ƙin tafiya. Ko gawarsa ba a kawo gida ba, yana kwance a wata ƙasa. Da shi sarautar ta ƙare. Gidan yanzu na 'yan kallo ne, har shayi ake sayarwa a madafar.

Asma'u ta juya wayar za ta sauko, sai na ga sauran bangon. Fari fat, an bar fili mai yawa ga waɗanda za su zo, ba su zo ba. Na ce mata ta kashe, tukunya na kan wuta. Babu wata tukunya, Inna.

Ban tsaya ba, washegari na hau motar Sakkwato. Kin san ɗan Gwaggo Lami yana ma'aikatar lafiya, kuma ana jin maganarsa. Na shiga ofishinsa na ajiye kunya a ƙofa, na ce a mayar mini da yaro cikin gari. Ya ce ba komai, Yaya, abu ne mai sauƙi, Nasiru ya rubuto kawai yana neman canji. Na dawo a motar nan ina jin iska na shiga ƙirjina.

Nasiru ya ƙi rubutawa. Bai ɗaga mini murya ba, kin san shi, kansa a sunkuye yake kashe mutum da magana. Ya ce mata na haihuwa a kan babur kafin a kai su Kebbe. Ya ce in an cire shi wani za a tura, shi ma da uwarsa. Sannan ya ce, "Mama, ai ni ba baƙo na ba can, kakanmu Malam Buhari shina kwance Kebbe." Na so in kwaɗa masa mari. Wa ya koya masa wannan? Ke da ni. Tun yana rarrafe muke rera masa sunayen nan kamar waƙar reno. Babansa kuwa, da na kai ƙara, carbinsa kawai ya ci gaba da ja ya ce Allah ke tsarewa.

Sai yanzu na fahimci wata rana da na daɗe ina riƙe da ita a kanki. Bayan rasuwar Baba, lokacin da Yaya Sani zai tafi koyarwa, kika tsaya a ƙofar zaure, karon farko da sunan mijinki zai shiga jerin. Kika ce "Usmanu, malamin gona, shina kwance Dogon Daji," muryarki ko rawa ba ta yi ba. Na ce a raina matar nan zuciyarta dutse ce. Amma na tuna da kika koma ciki kin zauna bakin murhu kin juya mana baya, tuwon ranar kuma ya ƙone, ke da ba ki taɓa ƙona tuwo ba. Ashe dokar tsayuwar ke nan: duk wanda ya rasu a zamanin mace, bakinta ne zai fara faɗin inda yake kwance. Ba ki gaya mini wannan ba lokacin da kika bar mini ƙofar.

Ranar tafiyar Nasiru da hantsi dangi suka taru. Ɗan kabu-kabu na jira a waje, an ɗaure jaka da katifa da ƙullin dambun nama da na yi masa. Nasiru ya durƙusa a gabana. Na buɗe baki na ce jinin Modibbo Hammadi, alƙali. Jinin Malam Buhari, magatakarda. Jinin Usmanu, malamin gona. Na tsallake garuruwan duka, na yi sauri na kai ƙarshe ina fatan ba wanda ya lura.

Yaron nan bai tashi ba. Ya ɗago ya ce, "Mama, kin rage. Ba haka Inna taka faɗi ba." Na kasa. Sai shi ya karɓa, a hankali, yana durƙushe: Jabo, Kebbe, Dogon Daji, har da na baffannin da ni kaina na fara mantawa. Da ya gama na dafa kansa, abin da ya iya fita daga bakina shi ne, "Tahi, Allah shi kiyaye." Da kin gani da kin yi alfahari da angonki. Ni ma na yi, kuma ban taɓa jin tsoro kamar na lokacin ba.

Ƙauyen babu sabis sai an hau wani tudu bayan makarantar firamare. Kullum bayan la'asar yakan hau ya kira ni. Ya ba ni labarin yaron da maciji ya sara a gona ya warke, da tsohuwar da ta kawo masa ƙwan zabi tana kiransa likita. Ni kuma ba labarin nake saurare ba, bayan muryarsa nake kasa kunne, ko zan ji ƙarar babura.

Jiya bai kira ba. Babansa ya ce sabis ne, maƙwabta ma sun ce yakan ɗauke a yankin kwana biyu. Mai yiwuwa haka ne. Na yi sallar la'asar yanzu, ina zaune a kan tabarmarki ta bakin rumbu, wayar na kan cinyata, na duba cajinta ya fi a ƙirga. Ina rubuta miki ne don hannuna ya sami abin yi.

Innata, ina kewarki. Da kina nan da na sa kaina a cinyarki kin ce mini raguwa, da na ji sauƙi. Ba na son bangonmu ya ƙare a kan fuskar yaro. Ina son Nasiru ya yi furfura a aikin nan, ya yi fansho, ya dame mu da labarin ƙauye har a gaji da shi, ya zama na farko a jerin da za a ce yana kwance Tambuwal, kuma wata jika da ba a haifa ba tukuna ce za ta faɗa.

Allah ya jiƙan ki, ya jiƙan Baba da duk waɗanda kike jerowa, ya haɗa ku a Aljanna tunda ƙasa ta rarraba ku. Allah ya tsare 'ya'yan mutane da ke bakin aiki a ƙauyukan nan, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Ya Allah, na karɓi tsayuwar ƙofa, zan faɗi sunan kowa. Abu ɗaya nake roƙo: kada ka sa bakina ne zai faɗi inda Nasiru yake kwance. Shi ya ɗauki makarata.

'Yarki mai kewarki,
Hajara, wadda kike kira Ta-Modibbo