Na Kwana a Ƙarƙashin Hannunka, Yaya Iro

Zuwa ga yayana, Malam Iro magini, a Kabo.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ban girma irin wanda ya wajaba a kan ƙani, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka da duk wanda ya rage yana gaishe ka da safe. Yaya jiki, yaya tsufa, yaya aka ji da damina? Ba amsa nake jira ba. Shekara talatin da wani abu rabona da muryarka, ba takarda ce za ta buɗe maka baki ba.

Na san ba ka karanta boko. Shi ya sa na baje ta a fili, a yanar gizo, inda kowa ke gani. Kabo ba ta rasa mai waya, ba ta kuma rasa mai son kai labari. Duk wanda zai karanta maka, ya karanta duka, kada ya tsallake inda babu daɗi.

Makon jiya na shiga birni ganin likita. Hajara, 'yata ta fari, wadda tana goye ka bar Lakwaya, ita ta kama mini masauki daga Abuja. Ta ce, "Baba, wani tsohon gida ne aka gyara a cikin ganuwa, za ka ji kamar kana zamanin su Kaka." Ban gaya mata wanda ya rushe zamanin su Kakan nata ba.

Gidan ƙasa ne, Yaya. Tubali da azara, zanko a kowace kusurwa, indararo na zubo da ruwa waje. Na wani attajirin da ne, jikokinsa suka bar shi awaki na kwana a ciki, sai wani mai hali da ya yi karatu a ƙasar waje ya saye ya tayar. Yanzu sai ka kama wuri tun da wata guda kafin a ba ka ɗaki. Na ga Turawa biyu. Na ga 'ya'yan manyan garin nan, waɗanda iyayensu suka ture nasu gidajen da katafila, suna tsayawa kusa da bango suna ɗaukar kansu hoto. Wani matashi mai gilashi ya ɗaga kai ya dubi rufin zaure, ya ce wa matarsa, "Kin gani, mutanen da ma sun san kimiyya." Da a ce ka shigo a lokacin da kayan aikinka, da ya matsa gefe kada ka goge shi.

Aka kai ni ɗakina. Bayan na yi magariba na kunna fitilar gefen gado, haskenta ya kwanta a jikin bango. Sai na ga yaɓen. An bar shi da sawun yatsu, ba a goge ba, wai don ado. Layi ɗaya, sai fili, sai layi biyu. Layi ɗaya, sai fili, sai layi biyu. Tun daga ƙasa har inda azara ta fara.

A duk ƙasar Gwarzo mutum ɗaya na sani mai yaɓe haka.

Kana tuna yadda aka yi na shiga boko? Mai unguwa ya zo ya ce kowane gida a ba da yaro ɗaya. Baba ya dube ka, ƙafafunka sun yi dumu-dumu a cikin kwaɓi, ya dube ni ina zaune a inuwa ina tari. Ya ce, "Ku tafi da Sani. Ba ya iya taka ƙasa." Mutane suna cewa gata aka yi mini. Ba gata ba ne. Wanda ba shi da amfani aka bayar, mai amfani aka ajiye. Kai ka ji maganar ka manta da ita kafin la'asar. Ni da ita na yi firamare, da ita na yi sakandare, da ita na yi makarantar aikin tsafta, kowace jarrabawa na ci don in mayar wa Baba ita.

Shekarar da zan gama, ka ce za ka gina mini ɗaki kusa da zaure, don idan na dawo in sami inda zan sa littattafai. Wajen ɗora rufin azara ta kuɓuce ta datse maka yatsan tsakiya na hannun dama. Ka naɗe wurin da tsumma, bayan kwana goma ka koma ka gama yaɓe. Inna ta ce jininka na cikin bangon.

Na dawo da farin wando da hular duba-gari. Na leƙa ɗakin, na ce ba taga, iska ba ta ratsawa, irin nan ne tarin fuka ke kwana. Ka ce, "Ka kwana ɗaya tukuna ka ji." Ban kwana ba. Na kama haya a Gwarzo.

Bayan rasuwar Baba abokan aikina suka zo ta'aziyya. Suka zauna a zauren da kai da shi kuka gina. Ɗayansu ya ce, "Ashe mai duba gidajen mutane ga inda ya fito." Suka yi dariya ƙasa-ƙasa, a gidan makoki. Kai kana ta ɗauko musu tabarma.

Na jira aka yi arba'in. Na jira ka tafi garin Jama'a aikin rumbu na kwana huɗu. Na zauna a ofis na rubuta takarda cewa ginin gidanmu haɗari ne ga lafiya, na sa hannu, na buga hatimi. Ba ko tsaga ɗaya a jikin zauren nan, ni na fi kowa sani, don na zagaya shi ina neman ta. Na kawo leburori daga Sabon Birni saboda na gida sun ƙi. Sai da suka yini biyu suna sara, ginin na ƙin faɗuwa. Babbansu ya share gumi ya ce, "Malam, wanda ya yi wannan bai yi don a rushe ba."

Ka dawo ka tarar da tudun ƙasa da motar bulo. Na shirya maka bayani, har da ƙwayoyin cuta da ba a gani da ido. Na so ka zage ni. Na so ka ɗaga hannu, a taru, a ga jahili yana dukan mai ilimi. Ka zagaya tudun sau ɗaya, ka tsuguna ka ɗaga wata azara da suka karya biyu, ka ce, "Da ka bari na sauke azarar da hannuna, Sani. Ta Kaka ce." Washegari ka ɗora iyalinka a mota zuwa wurin surukanka a Kabo.

Kada ka ɗauka shirun nan naka tawali'u ne. Na daɗe da gane shi. Mai zagi yana gamawa ya huce. Kai ka zaɓi abin da ba ya ƙarewa, ka bar mini shi ka tafi.

Na gina wa Inna ɗakin bulo da kwano, da taga biyu masu gilashi. Aka zo daga unguwanni ana kallo. Bazarar farko ta fito tsakar rana da zane a hannu tana fifita, ta ce, "Sani, dafa ni ka yi da raina." Bazara shida ta yi a cikinsa. A ta shidan ta rasu, a ƙarƙashin darbejiya, inda take jan tabarmarta kullum don gudun ɗakin da na yi mata.

Ka zo jana'iza. Da aka jera itace a kan kabari, matasa suka fara kwaɓa ƙasa ruwa tsamo-tsamo. Ka ture su gefe. Ka kwaɓa da kanka, ka bi tsakanin itatuwan kana liƙewa, ba ka bar ko ƙofar allura ba. Ina tsaye a kanka ina kallon layi ɗaya, fili, layi biyu, har aka tura ƙasa ta rufe. Ka wanke hannu, ka ba kowa hannun, ka wuce ni kamar turke.

To, a ƙarƙashin wannan hannun na kwana a birni. Ka ce in kwana ɗaya in ji. Na ji. Na kashe na'urar sanyin da suka maƙala, ɗakin bai canza ba. Barcin da na yi rabona da irinsa tun ina yaro a bayan Inna. Na tashi da asuba ina jin haushinka kamar in fasa bangon.

Da safe na tsaya na sa yatsuna a cikin sawun naka, na lanƙwashe na tsakiya, ina gwadawa. Yarinyar da ke kula da baƙi ta shigo da shayi, mai ladabi, sa'ar Hajara. Ta ce, "Baba, yi haƙuri, ba a taɓa bango."

Ta ga na ƙura wa yaɓen ido, sai ta ja ni zaure ta nuna mini wani hoto babba a cikin gilashi. Hannuwa biyu ne riƙe da curin ƙasa. An yanke hoton daidai wuyan hannu. Ba fuska, ba suna. A ƙasa an rubuta da Turanci cewa hannuwan gargajiya ne. Kusa da shi ga allon tagulla mai sunan mai gida, da sunan wanda ya zana taswira, da sunan kamfanin da ya kawo fitilu.

Ta ce sun sha wahala kafin su sami wanda ya iya, sai da aka kwatanta musu wani tsoho a Kabo. Ta ce wata bakwai kana kwana a ɗakin ajiye kaya. Ta ce Baba Tara suke kiran ka, saboda yatsun, kuma kana amsawa. Ranar buɗe gida an ba ka sabuwar riga, amma da manyan baƙi suka fara isowa wuri ya yi kaɗan, sai aka kai maka abinci ta baya wajen masu girki. Tana faɗa tana murmushi. Ba ta ga komai a ciki ba.

Ta ce ka yi rigima sau ɗaya, ranar da za a huda bango a saka na'urar sanyi. Wai ka ce, "Ƙasa numfashi take yi, kada ku sa mata mura." Har yau suna maimaitawa suna dariya. Na zagaya bayan ɗakin da idon tsohon duba-gari. Ruwan na'urar na ɗiga a gindin bango dare da rana, wurin ya yi baƙi, ya fara kumbura. Damina biyu na ba shi. Za su kira mai siminti ya toshe, ya shafa jan fenti, baƙi ba za su gane ba. Ban gaya musu ba. Na yi ritaya.

Ga abin da ka samu ke nan, Yaya. Kai ne da gaskiya, duniya ta zagayo ta yarda, kuma ladanka hoton hannu ba kai. Ni na rushe maka zaure ɗaya, amma na san sunan wanda na yi wa. Su sun ɗauki aikinka duka ba su ma tambaya ba.

Sai yarinyar ta dubi takardar da na cike ranar da na sauka ta ce, "Af, Baba, ai kai ma mutumin Gwarzo ne. Ko ka san shi? Mai gida na so a rubuta sunansa, an nema an rasa wanda ya riƙe."

Alƙalami na aljihuna. Ibrahim Musa Lakwaya, kalma uku. Ga mutumin mai gilashi da matarsa suna zaune suna karin kumallo, sun juyo suna saurare. Na ce mata magina suna da yawa a wajenmu, ba duka mutum zai sani ba. Da Turanci na faɗa, Turanci mai kyau, irin wanda ba a koyarwa yanzu. Mai gilashin ya gyaɗa mini kai.

Ina da shekara sittin da tara, da takardar likita a ɗaya aljihun, na sake yi maka irin ta da. Don haka kada wani ya karanta maka wannan da muryar tuba. Na duba cikina, ban ga alamar zan canza ba, kuma lokacin canzawar ma babu. Hanta ce. Likita ya juya yana gaya wa abokin aikinsa da Turanci a kaina, ya ɗauka tsohon ƙauye ne ba ya ji. Karatuna ya yi mini wannan amfanin: na ji da kunnena ba zan ga girbin baɗi ba. Hajara ba ta sani ba. Za ta gani a nan, tare da kowa.

Ba gafara nake nema ba. In ka ba ni ma ban san inda zan ajiye ta ba. Aiki nake nema, irin wanda ake neman magini.

Yaran Lakwaya na yanzu ba su iya kwaɓi ba. Na ga yadda suka yi wa Malam Audu bara, ruwan farko kabarin ya rufta. Idan ka ji an ce Sani ya tafi, ka hau mota. Daga Kabo ba nisa. Ba sai ka shiga gida ba, ba sai ka yi wa kowa ta'aziyya ba, ba sai ka dubi fuskata ba. Ka tsaya a maƙabarta. In an jera itace, ka ture su kamar yadda ka yi ranar Inna, ka kwaɓa da kanka, ka liƙe mini ko'ina.

Ɗaki na biyu ke nan da za ka yi mini. Shi ma ba taga. Wannan zan kwana.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya bar maka yatsu taran nan da ƙarfinsu har ranar. Allah Ya jiƙan Baba da Inna, Ya sanyaya musu makwanci. Ni kuma Ya yi mini da rahamarSa, kada Ya yi mini da takardar da na sa wa hannu.

Idan wani daga gidan nan na birni ya ci karo da wannan, sunan na sama. Ku rubuta shi daidai.

Ƙaninka, wanda bai iya taka ƙasa ba,
Sani
Lakwaya