Waliyyin Suhaila

Greensboro, 9 ga Mayu

Zuwa ga yayana abin girmamawa, Alhaji Maazou,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabin ƙane. Ina fata kana lafiya, da iyali, da ƙafar nan da ke damunka. Matata Tchima na gaishe ka.

Saƙonka ya iske ni, ya sauka a ƙirjina kamar garwashi. Ka ce ba za ka yi waliccin auren 'yata Suhaila ba sai ta zo ta durƙusa gaban ma'aikatanka ta nemi gafara. To Yaya, bari in faɗi laifin nata kamar yadda na fahimce shi.

Hukumar duniya mai sa ido kan makamashin nukiliya ta turo ta cikin masu binciken ma'ajiyar yuraniyom da kake shugabanta. Kai kuwa da jin 'yarka ce tafe, ka yanka rago, ka gyara ɗaki, ka gaya wa mutanenka cewa ta gida ce, ba sai an buɗe gangunan yuraniyom ba. Ita kuma tun kafin ta tashi ta sanar da shugabanta na aiki cewa baffanta ne kai. Ta sauka a otel, ta mayar da naman ragon, ta ƙi shaidarka, ta koma gefe wani baƙo ya duba hatimi, ya ɗebi samfur. Aka tarar komai daidai.

Na san zafin abin. A Arlit muka tashi, inda maganar babba ta ishi kowa. Amma garin yuraniyom ɗin nan mai ruwan ɗorawa, wanda ƙurarsa ta cinye huhun mahaifinmu, idan ya ɓace a hanya birni guda yake iya mayarwa toka. Ƙasashen da ba sa ga maciji da juna sun yarda su ajiye makami ne don akwai idon da ba ya da baffa. Da ta ce a ƙyale ka, da gaskiyarka ta zama alfarma. Yau duniya ta san hannunka tsarkakakke ne, ba don 'yarka ta faɗa ba.

Ba za ta durƙusa ba. Ni da na yi shekaru ina ɗaukar kwali a sito kan titin Wendover, ina rera baitocina cikin ƙarar injuna don ta yi karatu, ban raine ta don ta nemi gafarar amana ba.

Ɗaurin aure na nan Asabar ta ƙarshen wata. Gurbinka na jiranka.

Ƙaninka,
Nouhou

Greensboro, 2 ga Yuni

Yaya Maazou,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, ina sanar da kai an ɗaura auren Suhaila da Muzammil.

Mun jira kiranka har shinkafa ta huce. Da liman ya nemi waliyyi, na miƙe. Don ya rufa mana asiri, sai ya tambaye ni ko kai ka wakilta ni. Dattawa suka yi ta ƙyafta mini ido in amsa da e, magana ta wuce. Wallahi harshena ya so, domin ban taɓa tsayawa inda ya kamata ka tsaya ba.

Na ce ba ka wakilta ni ba. Na ba da ita da bakina, a gaban kowa.

Ka gaida mutan gida.

Ƙaninka har kullum,
Nouhou