An Ce Mata Yawo Za Ta

Gadarif, 9 ga Oktoba, 1978

Zuwa ga Yaya Sharu, a Simsim.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da ma'aikatanka da riɗinka, wanda na lura ya fi mu samun kulawarka. Mu nan kalau muke, in ban da abin da ka jawo.

Baƙinka sun iso ranar Asabar, Harisu da matarsa Kande, daga Haɗejiya, da akwatuna biyu da takarda mai sa hannunka. A cikinta na karanta cewa ka ba su riƙon Sakinatu. A bakin ƙofa na karanta, Yaya, da ƙullun kisra, wainar dawarmu ta nan, a hannuna. Shekara huɗu ke nan yarinyar tana ɗakina, tun rasuwar iyayenta, ƙanenmu Mudi da matarsa. Ni na cire mata haƙorin farko, ni na koya mata baƙi. Amma ba ka ga ya dace ka gaya mini ba, sai ka hau lori ka tafi yankan riɗi kwana biyu kafin su sauka.

Na ga hujjarka. Wai kakanmu, da zai taso daga Haɗejiya aikin hajji a ƙasa, tafiyar da ta zaunar da mu a ƙasar nan, ya ɗauko 'yar ƙanensa, Goggo Batulu, tana da shekara bakwai, bai mayar ba. Yanzu Harisu, jikan ƙanen, bai samu haihuwa ba, sai mu mayar musu da 'ya. Shekara saba'in ba wanda ya tuna! Yarinya ce fa, ba tukunyar aro ba. Na san kai ne waliyyinta. Amma na karanta babin riƙo a littattafan nan da kake tada kai da su, ban ga inda aka ce a yi shi a ɓoye ba.

Ka ce a zaga da su gari kafin takardun alƙali su fito. Na zaga. Na kai su kasuwar hatsi da tsakar rana, na tsayar da su cikin ƙaiƙayin dawa har Harisu ya rasa bakin gaisawa don atishawa. Na kai su manyan rumbunan gwamnati, na sa suka kewaye su da ƙafa. Nufina su tsani garin da duk abin da ke cikinsa. Sai ga Kande tana dariya, tana ɗanɗana dawa iri iri kamar dillaliya, Sakinatu riƙe da gefen mayafinta tana koya mata ƙirga da Larabci. Da yamma ta yi wa yarinyar kitso irin na can, ko ƙara ɗaya ban ji ba, ni da nake kokawa da kan nan kowace Juma'a. Na so matar nan ta zama muguwa. Ko wannan ba ka yi mini ba.

Jibi zan kai su Doka wurin Goggo Batulu. Su a zatonsu ziyara ce. Ni kuwa so nake wadda aka ɗauko ta gaya musu da bakinta yadda abin yake.

Ka gai da riɗi.

Ƙanwarka,
Ummusalama


Gadarif, 14 ga Oktoba, 1978

Yaya Sharu,

Sallama da gaisuwa, da fatan lafiya. Na san kana lafiya, don direban da na ba wasiƙata ya ce a hannunka ya sa ta, kana zaune kana shan shayi. Amsa ce dai ba ta da lafiya.

Mun je Doka. Lorin ya kafe a taɓo sau biyu, Harisu ya tuɓe babbar riga ya shiga turi tare da leburori, abin da ban taɓa ganin ka yi ba. Mun tarar da Goggo a kan gadonta na igiya, idon ya kusa tafiya. Ta shafa fuskar Harisu, ta ce kunnuwan babanta ne, har da girman. Ta tambayi rijiyar bayan gidansu, ya ce tana nan. Ta yi kuka, suka yi kuka, aka dafa gahawa. Na bari sai da kowa ya sha, sannan na gaya mata abin da ya kawo su, ban rage komai ba. Na gyara zama ina jiran ta tsine wa shirin.

Ba ta tsine ba. Sai ta tambaya ko an gaya wa yarinyar.

Ta ce ita ba ta da ƙorafi a kan ƙasar nan. Nan ta haifi tara, nan ta binne miji, kuma kakanmu bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Abin da ba ta yafe ba ɗaya ne. Ce mata aka yi cin kasuwa za su. Uwarta tana daka, ita kuwa ta wuce da gudu ba ko sallama, don kada jakuna su bar ta. Ta ce har suka ƙetare ƙasar Barno tana tambaya yaushe za a juya.

Na kira Sakinatu daga wurin 'yan awaki, na tambaye ta ina za ta. Ta ce Baba Sharu ya ce yawo za ta, za ta hau jirgin sama, ta dawo bayan babbar salla.

Yaya, tun ina jin kunyarka har na daina.

Kande ba ta sani ba. Ta ɗauka an gama magana da yarinyar tun kafin su taso. Ta miƙe, ta ce wa mijinta su koma, ita ba za ta ɗauki 'ya da ƙarya ba ko da za ta mutu ba kowa a ɗakinta. Shekara goma sha tara take jira, ta faɗi haka a gabana. A nan ta kayar da ni.

Ni da ita muka zaunar da Sakinatu, muka gaya mata gaskiya. Ba ta yi kuka ba. Tambayata ta yi laifin da ta yi mini. Wannan tambayar kai ya kamata ta sama, ni ta samu.

Yau da safe ta ce za ta bi Inna Kande, tun da akwai makaranta a can, kuma na yi alkawarin wasiƙa duk wata. Amma ta ce sai wanda ya ba da ita ya gaya mata da bakinsa.

Na yarda ta tafi. Allah kaɗai ya san yadda hannuna ya iya rubuta wannan. Takardun suna wurina, alƙali ya sa ranar Alhamis. Ka zo kafin nan, ka zauna a tabarma daidai tsayinta, ka ce mata ka yi mata ƙarya, ka ce ba laifinta ba ne. In Laraba ta yi ban gan ka ba, zan sa ta a lori mu zo Simsim, ka faɗa mata a gaban ma'aikatanka.

Goggo tana gaishe ka. Ni ban sa tawa ba tukuna.

Wassalam,
Ummusalama