Aminiyata ta ce na mutu don a tara wa ƙungiyarmu kuɗi

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Admin don girman Allah a sakaya sunana, kuma sunayen da zan ambata duk na aro ne. Don Allah ku ba ni shawara, musamman waɗanda suka san harkar ƙungiyoyin taimako, domin kafin Asabar ɗin nan dole in san matsayata.

Ni malamar firamare ce a wani ƙauye na ƙasar Anka. Shekarar da gubar dalma ta shigo mana, lokacin da ake daka dutsen zinare a cikin gidaje, na rasa ɗiyata ta fari, ƙanenta Bello kuma Allah ya bar mini shi amma ciwon ya taɓa shi. Yanzu saurayi ne har ya fi ni tsawo, sai dai magana a hankali take fito masa, karatu kuma bai zauna ba. Amma yana sallarsa, yana kiwon awakinsa, kuma ban taɓa ganin mai ƙyamar datti irinsa ba, da kansa yake wanke kayansa ya ninke. Babansa ya rasu, ni kaɗai gare shi.

Ina da aminiya, Hajara, tun muna 'yan mata muke tare. Ranar da ɗiyata ta cika ita ta yi mata wanka don ni na kasa tashi. Bello bai san bambancina da ita ba, Inna Hajara yake ce mata. Ni da ita muka haɗa iyaye mata masu yara irin nawa muka kafa ƙungiya, ita shugaba ni sakatariya. Ba mu fara da roƙon kowa ba, da kaka kowace mace ta kawo tiya biyu ta gero ko dawa, mu adana sai ya yi daraja mu sayar. Da haka muka gyara wani zaure muka ɗauki malama tana koya wa yara goma sha ɗaya wanka da alwala da ƙirga da saƙar igiya.

Bara aka gayyace mu bita a Gummi kan yadda ƙananan ƙungiyoyi ke neman tallafi, kuma wallahi mun ƙaru. Malamin ya ce ku fara da na kusa da ku kafin na nesa, kuma wanda zai ba da kaɗan duk wata ya fi wanda zai ba da mai yawa sau ɗaya ya ɓace. Ya ce ku faɗi takamaiman abin da kuke so, kada ku ce a taimaka kawai, in an ba ku ku yi godiya da wuri, ku nuna abin da aka yi da shi, asusun banki kuma kada ya zama hannun mutum ɗaya. Sannan ya ce labarin mutum guda ya fi taɓa zuciya a kan dogon bayani, amma ya maimaita har sau biyu cewa kada a ɗauki hoton kowa sai da yardarsa ko ta iyayensa, kuma kada a ƙara gishiri. A mota muna dawowa Hajara ta ce mu yi bidiyon Bello tun da shi ya fi saba wa mutane. Na ce a'a, ɗana ba abin talla ba ne, a ɗauki zauren da igiyoyin da suka saƙa. Ta ce to shi ke nan, har ta dafa kafaɗata.

Mun bi shawarwarin, 'yan garinmu mazauna Gusau da Sakkwato suka fara turo abin da ya sawwaƙa duk wata. Sai bayan ƙaramar salla kuɗi suka fara shigowa daga mutanen da ban taɓa jin sunansu ba. Na tambaye ta, ta ce ƙanenta ne ya sa labarin ƙungiya a intanet. Ni wayata ƙarama ce lokacin, ban bincika ba, murna kawai nake yi. Muka haƙa burtsatse kusa da zauren, muka sa kwano a rufin, aka fara dafa wa yaran abinci. Gaskiya ɗaya zan faɗa, ko sisi Hajara ba ta ci ba, ni nake sa hannu tare da ita.

Ranar Lahadi da la'asar ina tankaɗe a tsakar gida Bello ya dawo daga kiwo, bai ko ɗaure awakin ba, ya tsaya a kaina ya daɗe yana haɗa maganar, sannan ya ce, "Inna, wai kin mutu?" Na yi dariya na ce wa ya gaya maka, ga ni kana gani. Ya ce 'yan acaba ne a bakin tasha suka nuna masa a waya, suna kwaikwayon maganarsa suna ce masa maraya.

Na je gidan wata abokiyar aikina ta buɗe mini bidiyon a wayarta. 'Yan uwa, ɗana na gani zaune a ƙasa jikin rusasshen bango, da wata yagaggiyar riga da ban san ta ba, an shafa masa toka a ƙafa, ƙudaje na bin fuskarsa. Muryar Hajara kuma tana cewa wannan yaro guba ta kashe uwarsa da ubansa, ba shi da kowa sai ƙungiya. Da na tambaye shi, ya ce ranar da na tafi karɓar albashi ne, Inna Hajara ta ce ya cire rigarsa wasa za su yi, kuma kada ya gaya mini don za ta ba ni mamaki. Wata uku yaron nan yana riƙe mata sirri.

Da na same ta ba ta musa ba. Ta yi kuka, ta ce sun fara sa hoton zauren ba wanda ya kula, wannan kuwa kwana biyu ya zaga ko'ina. Ta ce da ta ce yana da uwa mai albashi wa zai tausaya. Na ce ke da kika wanke gawar ɗiyata, bakinki ya iya furta na mutu? Sai ta ce in dubi ruwan da yaran ke sha in gaya mata ko ƙaryar ba ta yi rana ba. Na kai maganar gaban kwamitin ƙungiya, mata biyu kaɗai suka goyi bayana, sauran suka ce in yi haƙuri, har wata ta ce mini ai suna ne kawai aka kashe, ba rai ba. Ban ga laifinsu sosai ba, 'ya'yansu ke cin abincin nan.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne wannan. Akwai wata Hajiya daga Kaduna, ita ta biya rabin burtsatsen kuma ita ke ɗauke da albashin malama. Ranar Asabar za ta zo ta ga aikin, ta kuma ga marayan da ke cikin bidiyon, har ta ce in babu mai riƙonsa da kyau za ta tafi da shi gidanta. Jiya Hajara ta aiko a roƙe ni, wai ko dai in yi tafiya ranar, ko in tsaya a matsayin maƙwabciyar da ke riƙonsa saboda Allah. Ta ce rana ɗaya ce, daga nan za su goge bidiyon.

In na fito na faɗi gaskiya, ina tsoron Hajiyar ta janye, labari ya bazu a ce mu 'yan damfara ne, har 'yan garinmu masu turo na wata su daina, zauren ya rufe, sauran yara goma su koma zaman ɗaka saboda ni. Ni ma sunana na cikin takardun, wa zai yarda ban sani ba? In kuma na yi shiru, na ci amanar baiwar Allah da ta ba da dukiyarta a kan ƙarya, kuma na sa hannu a kan mutuwata. Bello tun ranar bai sake bi ta tasha ba, ko bayan gida na zaga sai in fito in same shi tsaye yana jira na.

Masu ƙungiyoyi, ku gaya mini, akwai wanda ya taɓa gaya wa mai ba da tallafi an yi masa ƙarya kuma ya ci gaba da bayarwa? In kira ta tun yau, ko in bari ta zo ta ga ruwan da idonta tukuna? In ajiye muƙamin sakatariya, ko in tsaya in ce Hajara ce za ta sauka? Malamai kuma, mene ne hukuncin ruwan da aka haƙa da irin wannan kuɗi?

Tafiya dai ba zan yi ba, ba zan bar shi shi kaɗai a hannunsu ba. Amma in Hajiyar nan ta dube ni, Bello na tsaye a gefena yana saurare, ta ce baiwar Allah mece ce ke a wurinsa, me zan ce mata?