Gishiri Ne, Ba Giya Ba

Fort McMurray, 9 ga Nuwamba

Yaya Philomena,

Shekaru ke nan kuna kallona mashayi. Ya jikin mijinki Gerard? Ni lafiya lau, wanke-wanke a kicin ɗin ma'aikata bai kashe ni, tsohon hedimasta, ba tukuna.

Jiya likita ta duba kumburin ƙasan idanuna, ta ce, "Baba, me kake ci?" Na ce kifin gishirin da kike aiko min daga gida, safe da yamma. Ta yi dariya: "Gishiri ne ke tara maka ruwa."

Kumburin nan 'yata Colleen ta gani a hoto, ta ce na koma giya, kada in zo bikinta. Ki gaya mata gishiri ne. Kifin kuma kada ki daina aikowa, Allah ya saka.

Ranar bikin, hannun Gerard Colleen ta riƙe ta shiga coci, ba nawa ba, ni mahaifinta.

Ƙaninki,
Leander